Neman shawara: dakalin da zan ɗora murhun itace a kai, alhali daɓen kicin ɗin katako ne

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah magina da masu walda da duk wanda ya taɓa yin irin wannan aikin ku taimaka min da shawara tun kafin in sayi kaya.

Mma, mahaifiyata, ita ce ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da safe, da yamma kuma tuwon zafi, a nan Aboabo cikin Kumasi. Tun muna yara a waje take girki kan duwatsu uku, to da damina abin ba daɗi, ruwa ya sauko ya kashe wuta, itace ya jiƙe, hayaƙi ya yi ta shiga idonta har yanzu kullum idon ja yake yana ruwa. Mun gwada gas na wata biyu amma babbar tukunyar dadesen ɗin nan shan gas take yi ba kaɗan ba, ribar duk sai ta ƙare a wurin cika silinda. Shi ne na je Magazin, unguwar makanikai da masu walda a Suame, na samu wani mai walda ya haɗa mana murhun ƙarfe na itace mai ƙofa da bututun fitar da hayaƙi, faɗinsa ƙafa 2, tsawonsa ƙafa 2 da rabi, yana da ƙafafu huɗu kowacce inci 4. Aikin ya yi kyau gaskiya, mun gwada shi a tsakar gida bai cin itace da yawa kuma hayaƙin sama yake tafiya.

Matsalar ita ce inda za a ajiye shi. Kicin ɗin kiyos ne na katako, ƙafa 8 da ƙafa 12, an ɗaga shi a kan bulo kamar ƙafa ɗaya da rabi daga ƙasa saboda ruwa, duk wanda ya san unguwarmu ya san yadda rafin yake cika ya shigo gidaje in an kwana ana ruwa. Daɓen kuma katako ne irin wanda ake kira wawa, an shimfiɗa leda a kai.

Abin da na yi niyya, akwai ragowar tayil kusan kwali biyu da suka rage daga aikin ɗakin yayana, sai in sayi filawud mai kauri in yanka daidai, in manna tayil ɗin a kai da siminti in ɗora murhun. A tunanina tunda tayil ba ya cin wuta shi ke nan. Amma jiya da na gaya wa Mma sai ta yi shiru ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba, wuta a kan katako, kuma bayan kiyos ɗin ɗakin kwanan ƙannena ne bango ɗaya ya raba. Shi ya sa na kasa barci na ce bari in tambaya. Tayil ɗin ya isa ko in zuba kankare a kai? Kauri nawa? Kuma faɗin dakalin ya kamata ya wuce murhun da nawa?

Sawaba Boy:

Wslm. Ɗan'uwa ni a ganina tayil ɗin ya isa, mu a gidanmu kurfoti, murhun gawayin nan, kan tayil muke ɗorawa shekara nawa ba abin da ya faru. In kana tsoro ka nemi tsohon rufin asbesto irin na gidajen da, ana samu wurin masu rushe gini, ka shimfiɗa a ƙasa kafin tayil ɗin, shi ai wuta ba ta cin sa. Ko ka zuba yashi kawai.

Magini Asawase:

Wa alaikumus salam. Ɗana Allah ya yi maka albarka da ka ji maganar mahaifiyarka, hankalinta da bai kwanta ba yana da dalili. Ni shekara 30 da wani abu ina wannan sana'a, na gina tandun burodi na gina murhun masu abinci, bari in gaya maka yadda abin yake.

Da farko Sawaba, tayil ɗin gidanku a kan me yake? A kan kankare yake, kankaren kuma a kan ƙasa, to zafi in ya ratsa ƙasa zai tarar. Shi kuma wannan yaron in zafi ya ratsa katako zai tarar, ba ɗaya ba ne. Maganar asbesto kuma don Allah a bar ta, ƙurarsa in ana yanka shi ko ya farfashe tana shiga huhu ta zauna, ciwon kuma sai bayan shekaru yake bayyana, har kansa yana kawowa, ga shi wurin abinci ne. Sannan in wuta ta gasa shi sosai fashewa yake yi da ƙara yana watsa ɓaraguzai.

Abu biyu ne dakalin murhu yake tarewa kuma mutane suna haɗa su wuri ɗaya. Akwai garwashi da tartsatsin da ke faɗowa, wannan tayil yana tare shi, ko falle ɗaya na kwano ma ya tare. Akwai kuma zafin da gindin murhun yake saukarwa ƙasa awa biyar awa shida kullum, wannan shi tayil ba ya tarewa ko kaɗan, wucewa yake kamar ba a sa komai ba. Ka taɓa taka tayil ɗin da rana ta daka da azahar ba takalmi? To haka yake ɗaukar zafi ya miƙa wa abin da ke ƙarƙashinsa. Kai kuma ka ce filawud za ka sa a ƙarƙashi, wato ka ƙara wa wutar abinci ka rufe shi inda ido ba zai gani ba. Katako in ana gasa shi kaɗan-kaɗan kullum yana bushewa, ya yi ruwan ƙasa, ya yi baƙi, a hankali ya koma kamar gawayi, daga nan zafin da da can bai isa ya kunna shi ba sai ya ishe shi. Ba ranar farko ake gani ba, wani sai an shekara.

Zuba kankare a kan katakon ma ban ba ka shawara ba. Ka lissafa da kanka, dakali ƙafa 5 da ƙafa 5 kauri inci 4 nauyinsa ya haura kilo 550, kamar ka jibge buhun siminti 11 ne wuri ɗaya, ga murhun ƙarfe, ga dadesen cike da shinkafa da wake, ga mai tuƙi a tsaye. Wawa katako ne mara ƙarfi, ga danshi daga ƙasa ga gara, wata rana sai ya lotsa, in ya lotsa kankaren ya tsage tukunya ta karkace da tafasasshen ruwa a ciki. Allah ya kiyaye.

Ni in nawa ne, yanke daɓen zan yi. Ka kira kafinta ya yanke katakon ƙafa 5 da ƙafa 5 a inda murhun zai zauna, amma ya fara tokare katakan da ke ɗauke da daɓen kafin ya sa zarto, ya buga musu wasu a gicciye ya sa musu bulo a ƙasa don kada sauran ɗakin ya saki. Sai ka haƙa ƙasa ka zuba ɗan fandisho, ka jera bulo mara rami mai inci 5 ko 6 layi biyu ka zagaye, zai ci maka kamar bulo 26 zuwa 28. Cikin ka cika da jar ƙasa, kana zubawa kana yayyafa ruwa kana daɓewa kaɗan-kaɗan, kar ka zuba gaba ɗaya ka daɓe sama kawai domin daga baya zai zauna. Sai kankare inci 4 a sama, kowane buhun siminti ɗaya a sa masa yashi kwanon sarki 4, tsakuwa kwanon sarki 8. Duk aikin siminti buhu 4 zai ishe ka, in ya yi yawa 5. Daidai inda murhun zai tsaya ka shimfiɗa jan bulo, ka haɗa su da yumɓu ko ƙasar suri maimakon siminti, don siminti ba ya jure wuta kai tsaye, yana gasuwa sai ya fara tsagewa yana zubar da gari. Jan bulo in ba ka samu a gari ba ka tambaya wajen Fumesua inda cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi take, su sun daɗe a harkar gasa bulo, ko ka tambayi masu gina tandun burodi inda suke saye.

Kuma kar ka yi gaggawa. Kwana 7 kana ba kankaren ruwa safe da yamma ka rufe shi da buhu, cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. In ka hura wuta a kan ɗanyen kankare ruwan da ke ciki zai koma tururi ya fasa shi. Tun ran gini tun ran zane, abin da ka yi a makon nan shi za ku zauna da shi.

Hajiya mai waakye, Nima:

Salamu alaikum. 'Yata ce ta nuna min wannan a waya na ce sai na yi magana domin abin da yaron nan yake shirin yi shi na yi da hannuna a nan Accra, kuma Allah ne kawai ya rufa mana asiri.

Ni ma kiyos ne na katako, na sa aka manna tayil a kan daɓe aka ɗora murhu, ana sharewa ana gogewa tas, kowa ya shigo sai ya yaba. Mun fi shekara a haka. Wani dare cikin hunturu mun tashi aiki, na kwashe wuta da kaina na zuba ruwa a kan ragowar itacen na kulle ƙofa. Bayan isha'i yarinyar maƙwabta ta fito zubar da ruwa ta ce Hajiya ina jin ƙauri, muka buɗe ba wuta ba komai, murhu ya huce, amma ƙaurin yana nan kamar ana gasa ɗanyen katako. Sai wani yaro ya kwanta ya haska tocila ta ƙarƙashin kiyos ɗin ya ga hayaƙi siriri yana fita ta tsakanin katakai. Da aka sa ƙarfe aka ɓalle tayil ɗin, wallahi ɗana abin da na gani har yau yana idona, katakon ya yi baƙi ƙirin zagaye daidai faɗin gindin murhun, ka sa yatsa ya burma kamar gawayi, tsakiyarsa kuma ja yana ci a hankali, iska na taɓa shi ya tashi. Tayil ɗin kuwa ko tsagewa bai yi ba, fari tas ta sama. Da mun kwanta a haka, Nima yadda gidajenmu suke a manne lungu ba ya ɗaukar mota, ban san inda wutar za ta tsaya ba. Duk wanda ya je kasuwar Kantamanto bayan gobarar 2 ga Janairun 2025 ya ga yadda wuta take yi da rumfunan katako, ba ta jiran kowa.

To ka bi maganar Malam magini. Amma zan ƙara abin da mu masu girki muka sani su ba su tsaya a gaban murhu ba. Itacenmu dogo ne, ba a yanka shi gajere-gajere a rufe ƙofa a kansa, rabi yana ciki rabi yana waje ana turawa a hankali, wani lokaci kana can kana zuba wa mai saye abinci ya ci ya karye guntun ya faɗo da wutarsa. Saboda haka gaban murhun shi ne wurin da ya fi buƙatar faɗi, ni yanzu nawa ƙafa 3 ne daga bakin murhu babu katako babu leda. Ledar nan ka cire ta gaba ɗaya daga kicin ɗin, garwashi ɗaya ya ishe ta, ga mai da ke zuba a kai. A yi wa gefen dakalin ɗan baki kamar kaurin yatsa biyu don garwashi ya gangaro ya tsaya, amma a bar wuri ɗaya a buɗe inda tsintsiya za ta fitar da toka.

Sannan kar ku ɗaga dakalin ya yi tsawo. Mahaifiyarka tuwo take tuƙawa, tuƙin babbar tukunya da ƙarfin kafaɗa da baya ake yi, in tukunya ta yi sama sai ta riƙa ɗaga hannu, wata ɗaya za ta fara kukan kafaɗa, ga sauke tukunya mai zafi daga sama haɗari ne. Kafin a zuba kankare ka kira ta ta tsaya da muciyarta a hannu a gwada tsayin da ya yi mata, ita za ta yi aiki a wurin ba kai ba.

Toka kuma bokitin ƙarfe mai murfi, a fitar da shi waje nesa da bango, ba kwali ba ba roba ba, garwashi yana kwana cikin toka da ransa har washegari. Ka gaida min Mma, ka ce 'yar'uwarta a sana'a tana yi mata fatan alheri.

Ɗan Zango a Amurka:

Slm 'yan'uwa. Hajiya sannu, Allah ya ƙara tsarewa, labarin nan naki ya taɓa ni. Ni haifaffen Asawase ne amma na daɗe a nan, na yi shekaru ina aiki da masu girka murhun itace na ɗumama ɗaki, a nan gidaje da yawa daɓensu katako ne shi ya sa suka rubuta wa abin ƙa'ida, ana kiranta NFPA 211. Ba dokar Ghana ba ce amma wuta ɗaya ce, lissafin zai yi maka amfani.

Murhun da mai walda ya haɗa, wanda ba kamfani ne ya gwada shi ya ba shi takarda ba, ƙa'idarsa ta fi tsauri. Abin da ke ƙasa sai ya wuce murhun da inci 18 ta kowane gefe. In ƙafafunsa sun haura inci 6 ana shimfiɗa bulo mai kaurin inci 2 a rufe da fallen ƙarfe. In tsakanin inci 2 da 6 ne, kamar naka mai inci 4, sai bulo mai rami kaurin inci 4 a kwantar da shi yadda ramukan za su haɗu su zama hanya iska na shiga ta nan tana fita ta can, a rufe da fallen ƙarfe. In ƙafar ba ta kai inci 2 ba to ba a yarda ma a ɗora shi kan daɓen katako ba. Ka ga sirrin ba a taurin abin yake ba, a iskar da ke wucewa yake, ita ke kwashe zafin ta tafi da shi. Tazarar inci ɗaya da iska ke bi ta fi jan bulo mai kaurin inci 4 tare zafi, tayil kuwa in aka auna kusan babu ne.

Amma tunda kai kana da damar yanke daɓe ka gina daga ƙasa, shawarar Baba magini ta fi duk wannan, mu a nan rashin wannan damar ne yake sa mu dabaru.

Abin da ban ga an taɓo ba shi ne bango da rufi, kuma ka ce bayan kiyos ɗin ɗakin yara ne. Tsakanin murhu da bangon katako inci 36 ake so, ƙafa 3 ke nan. Kicin ɗinka faɗin ƙafa 8 ne murhu ƙafa 2, in ka sa shi a tsakiya hagu da dama sun samu ƙafa uku-uku daidai, alhamdu lillahi. Baya ne za ka so ka matsa don wuri, to a nan za ka iya ragewa har zuwa inci 12 amma sai ka sa fallen ƙarfe a bangon, kuma ba a manna shi da katako ba, a bar inci ɗaya tsakaninsu, a bar ƙasansa a buɗe samansa a buɗe. Abin da za ka tokare shi da shi guntayen bututun ƙarfe ne ka zura ƙusa ta ciki, ba guntun katako ba, kuma kar ka buga ƙusa daidai saitin tsakiyar murhun don ƙusar da kanta tana kai zafi cikin katako. Mutane da yawa suna buga kwano a jikin bango ƙam su ce sun yi kariya, wannan daidai yake da tayil ɗin Hajiya.

Bututun hayaƙi shi ma inci 18 daga duk wani katako, musamman inda zai ratsa rufi, ka duba katakan da ke riƙe da kwano. Ya fita sama da rufin sosai a sa masa hula saboda ruwa. Ɗanyen itace yana tara baƙin kwalta a cikin bututu kuma wannan kwaltar tana kamawa da wuta, a riƙa sauke shi ana kankarewa. Taga a buɗe kullum in ana girki, kar kuma wani ya kwana a ciki da sunan jin ɗumi lokacin sanyi, iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa cikin barci. Silindar gas ɗin da kuka daina amfani da ita a fitar da ita daga ɗakin. Lambar 'yan kashe gobara a Ghana 192 ko 112, ka rubuta a jikin ƙofa.

Mai walda, Suame Magazin:

Masta magini ya gama magana, ni ta ɓangaren ƙarfe zan ɗan ƙara. Ka mayar wa wanda ya yi maka murhun ya yi abu biyu, ba zai ci kuɗi ba. Ya rataya falle ɗaya a ƙarƙashin gindin da tazarar inci ɗaya, a kan ƙananan ƙarafa huɗu, gefensa duka a buɗe. Sannan cikin murhun inda wuta ke zama a shimfiɗa jan bulo ko a shafe da yumɓu da aka kwaɓa da garin katako, garin katako kam wurin masu yankan katako a Sokoban ko wurin kowane kafinta za ka samu a banza. Ka duba kurfotin nan da ake kira Gyapa, yumɓun nan da ke cikinsa shi ya sa yake riƙe zafi a ciki ya tura wa tukunya, ba ya cin gawayi kamar na ƙarfe zalla. Naka ma haka, zafin da zai sauka ƙasa zai ragu, itace zai ragu, ƙarfen gindin kuma zai daɗe bai cinye ba. Ka gaya wa Mma in tana kwashe toka ta riƙa barin kamar inci ɗaya ko biyu a ciki.

Bututun da ke kusa da wuta kar ya zama farin ƙarfe irin mai ruwan tutiya, in ya yi ja yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon kai, mu masu walda mun san shi. Baƙin ƙarfe ake sawa a nan. Ƙafafun kuma tunda daga ƙasa za ka gina ka bar su yadda suke, ƙara musu tsawo zai ɗaga tukunya kamar yadda Hajiya ta ce.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Mma maganar Hajiya tana ta salati. Baba magini tambaya ɗaya, wani maƙwabcinmu ya ce in zuba gishiri da fasassun kwalabe a cikin dakalin kamar yadda ake yi wa tandun burodi, ya ce yana hana zafi sauka. In yi?

Magini Asawase:

Ana yi a tandu, gaskiyarsa, amma shi tandu so ake daɓensa ya riƙe zafi ya gasa burodi bayan an kwashe wuta. Kai ba ka da wannan buƙatar, ƙarƙashinka ƙasa ce zafi ya sauka ya tafi abinsa. Gishiri kuma yana jan danshi, a wuri irin Aboabo zai jiƙe ya ci siminti ya sa ƙafafun murhun tsatsa. Jar ƙasa kawai ka daɓe da kyau. Abin da za ka kula da shi, kar kankaren ya taɓa katakon daɓe, ka bar inci ɗaya zuwa biyu zagaye.

Ɗan Aboabo:

Salamu alaikum, na dawo da bayani tunda kun wahala a kaina. Yau kwana 9 da fara girki a kai.

Mun yanke daɓen ƙafa 5 da ƙafa 5 kamar yadda Baba ya ce, da kafinta ya ɗaga katakan sai ga biyu daga cikin na ƙasa gara ta cinye cikinsu saura ɓawo, da hannu ya karya ɗaya, dole muka canza su. Da na zuba kankare a kan wannan ban san me zai faru ba. Bulo 28 muka saya, siminti buhu 4 da ɗan ƙari, aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, biyu na jar ƙasa. Mma ta zo da muciya ta tsaya aka gwada, sai muka bar saman dakalin daidai da daɓe, jan bulon ne kawai ya ɗan ɗaga. Jiran ne ya fi wahala, sati huɗu tana girki a waje ruwa ya dake ta sau biyu, amma ita da kanta ta ce a bari ya cika kwanakinsa. Tayil ɗin yayana ma bai tafi a banza ba, shi na shimfiɗa a gaba daga inda kankare ya ƙare na ƙara ƙafa ɗaya da rabi a kan fallen ƙarfe, gaban ya cika ƙafa 3 ke nan yadda Hajiya ta ce, leda kuma mun cire duka. Bangon baya an sa falle da guntayen bututu, mai waldan ya rataya na ƙasa ya shafe ciki da yumɓu, yumɓun ya ɗan tsattsage ranar farko muka cike.

Ranar Asabar bayan wuta ta yi awa huɗu tana ci na zagaya ina taɓawa. Fallen bango ba ya taɓuwa don zafi, amma da na zura hannu ta sama na taɓa katakon da ke bayansa ɗumi ne kawai, kana jin iska mai zafi tana fitowa ta saman tana dukan hannu. Na shiga ɗakin ƙannena na dafa bangon ta ciki, sanyi. Katakon daɓe na gefen dakali ma lafiya lau. Inda ban gamsu ba wurin rufi ne, akwai katako ɗaya da bai kai inci 18 daga bututun ba kuma yana zafi, gobe kafinta zai zo ya matsar da shi.

Saura abu ɗaya, tazarar nan da muka bari tsakanin kankare da katako ɓeraye sun gano ta suna hawowa da dare, Mma ta ce in cusa tsumma ko in buga siririn katako in rufe.

Magini Asawase:

Madalla ɗana, aiki ya yi. Tsumma da katako a'a, garwashi zai iya gangarawa can. Ka sa mai waldan ya yanka maka fallen ƙarfe mai faɗin inci 4, ka kwantar a kan tazarar ka buga ƙusa ta gefen katako kaɗai ɗaya gefen ya hau kankare a sake, ta ƙarƙashi kuma ka zagaye da ragar waya mai ƙananan ido. Katakon rufin nan kar a hura wuta gobe sai an matsar da shi.